Tauraro Biyar da Muryar Baba

Akwai wani tebur a bakin tagar falo. Ƙafarsa ɗaya ta gajarta, an tokare ta da kwali. A kansa tsohuwar kwamfutar Baba take, lulluɓe da farin ƙyalle.

Baba tela ne. Bara ya rasu. Da ciwo ya hana shi taka keken ɗinki, sai ya riƙa zama a gaban kwamfutar yana ɗaukar muryarsa. Labarai yake ba Auta, ƙaramar 'yarsa. Guda goma sha biyu ya bari.

A cikin labaran ana jin tarinsa. Ana jin kukan fanka. A na bakwai har ana jin Mama daga kicin tana cewa, "Ka sha maganin?" Baba ya ce, "Na sha," yana dariya ƙasa-ƙasa, don bai sha ba.

Kullum in an taso daga makaranta, Auta takan yar da jakarta ta ce wa yayanta, "Yaya, kunna min Baba."

Yaron yana aji shida. Shi kaɗai ya iya kwamfutar a gidan.

Amma kwamfutar ta tsufa. Kafin ta buɗe, sai mutum ya ci abinci ya wanke hannu. Auta takan zauna tana kaɗa ƙafa tana ƙorafi.

Wata rana abokinsa Dogo ya ce masa, "Kai ma da son wahala. Akwai wata 'yar manhaja mai hoton tsintsiya. Kana danna ta, ta share duk tarkacen da ke ciki. Kwamfuta ta koma sabuwa."

"Ka taɓa gwada ta?"

"Ni ina na ga kwamfuta? Amma kowa yabonta yake."

Da ya gaya wa Mama, sai ta girgiza kai.

"Kar ka sa mata komai sai ka tambayi malaminku. Ka ji ko?"

"Na ji, Mama."

Ranar Asabar da safe Mama ta tafi kasuwa da Auta. Ta bar wayarta a caji. Yaron ya dubi wayar, ya dubi farin ƙyallen. Ya ce a ransa, kafin su dawo na gama, su sha mamaki.

Ya jona intanet ɗin wayar da kwamfutar, yadda ya ga Baba yana yi. Ya nemo manhajar. Ga hoton tsintsiya. A ƙarƙashinsa mutane sun rubuta ra'ayinsu, kowa ya ba ta tauraro. Tauraro biyar shi ne ƙarshen yabo.

"Tana aiki sosai." Tauraro biyar.

"Ba kamarta." Tauraro biyar.

"Madalla da ita." Tauraro biyar.

Haka suka jeru, gajeru-gajeru, kamar 'yan gida ɗaya.

Can ƙasa ya ga wani dogon rubutu. Wata mata ce ta yi shi, ta ba da tauraro biyu kacal. Ta fara da cewa, "Don Allah ku karanta wannan kafin ku danna komai."

Yaron ya taɓe baki. "Wannan 'yar baƙin ciki ce," in ji shi. Bai karanta sauran ba. Ya sauke manhajar.

Tana buɗewa sai ta fito da sanarwa. Ta ce ita ta sayarwa ce. Amma duk wanda ya ba ta tauraro biyar yanzu, ya rubuta yabo, zai yi amfani da ita kyauta har kwana talatin.

Abu mai sauƙi. Ya danna tauraro biyar. Ya rubuta, "Ta gyara min kwamfuta tas. Ba kamarta." A lokacin ko aikin ba ta fara ba.

Sai ta jero masa sunayen abubuwa da yawa, kowanne da 'yar alama a gefensa. Jerin ya yi tsawo, rubutun ƙanana. A ƙasa akwai wani babban koren madanni, an rubuta a share duka.

Ya danna.

Tsintsiyar ta yi ta kaiwa da komowa. Da ta gama, kwamfutar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. Yaron ya ji daɗi. Har ya sauke wani wasan mota ya buga sau biyu.

Da rana su Mama suka dawo. Auta ko takalmi ba ta cire ba.

"Yaya, kunna min Baba."

"Zo ki ga abin mamaki," in ji shi.

Ya buɗe inda labaran suke. Babu komai. Fari fat.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Babu. Ya duba kwandon shara na kwamfutar, inda abin da aka goge yakan tsaya. Nan ma wayam.

Ya ƙura wa kwamfutar ido.

"Ina abin mamakin?" in ji Auta.

"Ta... ta gaji yau. Sai gobe."

"Kwamfuta tana gajiya?"

"Wannan tana yi. Tsohuwa ce."

Auta ta dube shi, ta tafi tana jan ƙafa.

Ranar nan bai iya cin abinci ba. Mama ta taɓa goshinsa ta ce ko zazzaɓi ne. Ya ce a'a. Duk inda ya juya a falon sai idonsa ya faɗa kan teburin. Hular Baba tana rataye a ƙusa. Keken ɗinkinsa yana lungu. Waɗannan duk suna nan, amma ba sa magana. Abin da ke magana shi ne ya share.

Washegari da hantsi Mama tana wanki a waje. Ya ɗauki wayarta, ya koma shafin manhajar. Niyyarsa ya nemo wata mai tauraro biyar da za ta dawo da abin da aka goge. Sai idonsa ya sake faɗawa kan dogon rubutun matar nan.

Wannan karon ya karanta har ƙarshe.

Ta ce manhajar tana sa kwamfuta sauri, wannan gaskiya ne. Amma duk hoto ko murya da suka wuce shekara, sai ta sa su cikin tarkace, ta yi musu alama da kanta. In ba ka cire alamar ba, sun tafi. Ta ce haka ta rasa hotunan jikokinta. A ƙarshe ta rubuta, "In ya riga ya faru da kai, kar ka sauke komai, kar ka ajiye komai. Kashe kwamfutar, ka nemi wanda ya sani. Ni ban san haka ba sai da lokaci ya wuce."

Yaron ya ajiye wayar. Ya zare wayar wutar kwamfutar daga bango. Ya fita waje.

Mama tana shanya. Ya tsaya a bayanta.

"Mama."

"Na'am."

"Na sa wa kwamfutar abin da kika hana. Ta goge labaran Baba."

Mama ba ta juyo ba. Rigar Auta tana hannunta, ruwa yana ɗiga a ƙafarta.

"Duka?"

"Duka."

"Har na bakwai?"

Sai a lokacin ya tuna. Duk ranar da aka kunna na bakwai, ƙarar kwanuka takan tsaya a kicin. Ashe ba Auta kaɗai ke sauraro ba.

Ya fashe da kuka. Da ma ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa ta shanya rigar, ta goge hannunta a zani.

"Jiya ka sani?"

"E."

"Ka ce wa ƙanwarka ta gaji."

"E."

"Goge labaran kuskure ne. Wannan kuwa ƙarya ce. Je ka gaya mata gaskiya. Gobe mu kai wa malaminku."

Ya je ya gaya wa Auta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To yanzu Baba yana ina?"

Ranar Litinin Mama ta naɗe akwatin kwamfutar a farin ƙyallen. Suka kai shi ɗakin kwamfuta na makaranta. Malamin kwamfuta mutum ne mai furfura da son raha. Ya saurari labarin duka bai katse shi ba.

"Wa ya ce ka kashe ta?" in ji Malam.

"Wata mata ce ta rubuta. Mai tauraro biyu."

"Allah ya yi mata albarka. Ka ga, in an goge abu a kwamfuta, kamar an goge sunan ɗalibi ne daga rajista. Shi yana nan zaune a aji. Sai an kawo sabon ɗalibi ne za a tashe shi daga kujerar. Bayan ka share, ka kawo wani sabo?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Wasan mota ɗaya."

"To. Mu ga kujerar wa ya hau."

Malam ya ɗauko filashi, ɗan abin ajiyar bayanai, daga aljihu. A ciki akwai wata 'yar manhaja ta dawo da abin da aka goge. Ya nuna wa yaron shafinta a wayarsa.

Yaron ya leƙa shafin. "Malam, tauraro uku ne fa da ita."

"Karanta min abin da masu kuka da ita suka ce."

Ya karanta. "Wannan ya ce tana da jinkiri. Wannan ya ce ba ta da kyan gani."

"Mu ba aurenta muka zo yi ba," in ji Malam. Mama ta rufe baki da mayafi. "Akwai wanda ya ce ta ɓata masa abu?"

Yaron ya duba har ƙasa. "Babu."

"Ni daga masu ƙorafi nake fara karatu. Su ne suka zauna suka yi bayani. Sannan na gwada ta a kan abin da ko ya ɓata ba zan yi kuka ba. Sau uku na gwada wannan. Kai kuma, masu yabon taka me suka ce ta yi musu?"

"Cewa kawai suka yi ba kamarta."

"Kai me ka rubuta?"

Yaron ya ji kunya ta rufe shi. "Ni ma haka na rubuta. Tun kafin ta fara aiki. Ta ce in na yaba za ta ba ni kwana talatin."

"Ka gani? Yanzu wani yaro yana can yana karanta naka, yana cewa kowa yabonta yake."

Malam ya kunna manhajar. Wani siririn layi ya fito, yana tafiya kamar tururuwa. Aka buga ƙararrawar shiga aji, Malam ya ce wa yaron ya zauna. Mama tana kan benci, hannayenta a cinya. Yaron yana kallon layin. Layin ya tsaya a tsakiya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya ci gaba.

Can sunaye suka fara fitowa. Ɗaya. Biyu. Uku. Biyar. Yaron yana ƙirgawa da yatsa.

"Goma sha ɗaya," in ji Malam. "Na huɗu ne motarka ta taka."

Ya danna na bakwai. Aka ji kukan fanka. Aka ji tari. Sai muryar Baba ta cika ɗakin, a hankali, kamar yanzu ya shigo ya cire takalmi.

"Ka sha maganin?"

"Na sha."

Mama ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta.

Malam ya kwafi labaran a filashi biyu. Ya ce ɗaya a ajiye a gida, ɗaya a kai gidan wani ɗan'uwa. Ya cire mai tsintsiya daga kwamfutar.

Da yamma Auta ta saurari uku a jere. Sannan ta ce, "Saura na huɗu. Na allurar da ta ɓata a cikin filo."

Yaron ya zauna kusa da ita. "Wannan bai dawo ba. Laifina ne. Amma na haddace shi. In ba ki?"

Ta gyaɗa kai.

Ya fara. Ya faɗi yadda allura ta gudu daga hannun tela don ta gaji da aiki. Da ya zo inda Baba yakan tsaya ya yi tari, shi ma ya yi.

"Ba haka Baba yake tari ba," in ji Auta.

"To yaya yake yi?"

Ta gwada masa. Mama ta leƙo daga kicin ta ce duk ba su iya ba, ta yi nata. Suka yi ta dariya su uku.

Da suka gama, ya roƙi Mama wayarta. Ya koma shafin manhajar, ya goge yabon da ya yi. Ya zauna ya rubuta dogo. Ya faɗi abin da ta gyara da abin da ta goge. Ya faɗi yadda ta sa shi yabonta tun bai gwada ba. A ƙarshe ya gode wa matar nan mai tauraro biyu, ko da ba ta san shi ba.

Mama ta karanta ta bayan kafaɗarsa.

"Me ka koya?" ta tambaye shi.

"Kar in yabi abin da ban gwada ba. Kar in bi yawan yabo, in karanta har da masu ƙorafi. In tambayi wanda ya sani kafin in danna. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."

Mama ta dafa kansa. Auta ta ja hannun rigarsa.

"Yaya, gobe ma kai za ka yi na huɗu."

"Kullum ma," in ji shi.