Fitilun Lambun Suhaibu

"Injiniya! Ai ke muke jira tun ɗazu!"

Yusra ta tsaya cak a bakin ƙofa, jakar kayan aiki a kafaɗarta. Ta san muryar. Zuliha ce, malama a Islamiyyar Malam Abdussalam da ke cikin Kura, ta ci ado kamar mai shirin fita biki.

Oga Iliyasu, mai shagon sola da Yusra ke yi wa aiki a Bunkure, cewa kawai ya yi wani sabon gida ne a Kura, bayan kanal ɗin ban-ruwa, ana son fitilun lambu. Shi ma bai san mai gidan ba. A waya aka kira, aka ce lallai Yusra za a turo.

"Shigo mana," in ji Zuliha. "Gidan Suhaibu ne... gidanmu. Juma'ar sama za a ɗaura."

Yusra ta saurara ko za ta ji ƙirjinta ya buga.

Shiru.

"Allah ya sanya alheri," ta ce. "Ina lambun?"

Suhaibu ɗan Malam Abdussalam ne. Tun Yusra tana makarantar koyon aikin lantarki suke tare, har manya sun shiga maganar. Sai aka wayi gari an nuna wa Malam hotonta a waya, tana kan tsani tana ɗaura fitila a kasuwar Bunkure, Oga Iliyasu na riƙe mata tsanin. Malam ya ce gidansa gidan karatu ne, ba zai yi suruka mai hawa tsani a tsakiyar maza ba. Suhaibu ya ce ta ba shi lokaci. Lokacin ne ya yi ta tafiya, har kiran wayarsa ya ɗauke. Ta yi kuka a farkon abin, kuka mai yawa. Daga baya ta tashi wata safiya ta ji babu komai a ranta, ba daɗi, ba ciwo, kuma haka take har yau.

Lambun ya yi kyau. Gwaiba a kusurwar gabas, lemun tsami kusa da famfo, zogale a jikin katanga. Duk inda ta taɓa nuna masa da yatsa tun filin yana fako, nan ya dasa.

"Farare nake so," in ji Zuliha, idonta na kan fuskar Yusra. "Manya, masu haske tarwai. Duk wanda ya wuce ya san an yi amarya."

"Za a iya sawa. Amma gonakin shinkafa ne bayanku. Farin haske na jan ƙwari, ba za ku ji daɗin zama ba. Mai ruwan zuma ya fi."

"To ke me za ki zaɓa... da gidanki ne?"

"Gajeru a gefen hanya, daga ƙofa zuwa baranda, saboda abin ƙasa da ke fitowa daga kanal. Ɗaya a gindin gwaibar nan tana kallon sama. Babba guda a bakin ƙofa, mai kamawa in ta ji motsi. Duka waɗanda ruwa ba ya shiga."

Murmushin Zuliha ya ragu.

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Sai faifan sola. A kan rufin kicin za a ɗora, can inuwa ba ta kaiwa."

Zuliha ta juya ta shige ciki. Daga baya ta aiko da saƙo a sa mai ruwan zuman.

Yusra ta yi aikin kamar yadda take yin kowanne. Ta ja waya a cikin bututu, ta binne, ta auna tazarar fitilu da takunta. Ranar gamawa, bayan la'asar, tana kan tsani tana ɗaure ta bakin ƙofa, sai ta ji babur ya tsaya. Aka kashe inji.

"Yusra...?"

Ta ƙarasa ɗaure kusar da ke hannunta kafin ta sauko.

"Ina wuni, Malam Suhaibu."

"Malam? Ni ne Malam yau?" Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. "Wa ya kawo ki nan? Wallahi ban sani ba! Zuliha cewa ta yi za ta nemo masu sola..."

"To ai mu ne masu solar."

"Abar ƙaunata, dube ni. Don Allah ki dube ni!"

Ta dube shi. Ga tabon nan a haɓarsa, ga idanun da ta taɓa kasa cin abinci saboda su. Ta ga mutum ne kawai tsaye, riƙe da makullin babur.

"Ita ce ta kai wa Malam hoton," ya ce a hankali. "Na sani. Tun a lokacin na sani."

"Ni ma na sani."

"Na kasa yi wa mahaifina musu, Yusra. Amma wannan da ta yi yau ya isa! Ki ce na fasa, wallahi yanzu zan je na durƙusa gaban Malam. Kalma ɗaya kawai, masoyiyata..."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Da gaske ta duba zuciyarta, lungu-lungu, kamar mai laluben abu a ɗakin da aka kwashe kaya. Ta so ta sami ko da fushi ne.

"Lokacin da nake da kalmar, ba ka ɗaga waya," ta ce. "Yanzu ba ni da ita."

"Kin daina sona?"

"Ban sani ba. Ba na jin komai ne, Yaya Suhaibu."

Ya zauna a bakin famfo, ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ta tsaya a kansa, ta rasa abin yi da hannuwanta.

"Kada ka wulaƙanta ta," ta ce. "An riga an raba goro. Faifan nan kuma a riƙa goge shi, in ya yi datti batir ba zai cika ba."

Ta naɗe tsaninta, ta tsayar da adaidaita sahu.

Ana kiran magariba ta isa gida. Bayan salla ta tarar da babanta zaune kan tabarma a tsakar gida, ƙafafunsa duk sun tsage da ruwan gonar tumatir. Inna ta ajiye masa kwanon tuwo.

"Uwata, an gama aikin Kuran?"

"An gama, Baba."

"Iliyasu ya same ni a gona. Ya faɗa min gidan waye, shi ma yau ya ji."

"Ba komai, Baba. Aiki ne."

Ya dube ta. Sai ya matsa gefe, ya buɗe kwanon, ya tura mata buta.

"Wanke hannu. Yau tare za mu ci."

Rabonta da sa hannu a kwanonsa tun kafin ta shiga firamare. Ta zauna. Ya gutsuro tuwon, ya tura mata wajen da miya ta fi yawa.

Ta kai loma ta farko, ta haɗiye. Ta ɗauko ta biyu, ta kasa kai ta baki. Wani abu mai zafi ya taso daga cikinta, ta yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi.

"Baba..."

"Na'am, Uwata. Ina nan."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka, har maƙwabta suna jiyowa. Inna ta fito daga kicin a guje, ludayi a hannu.

Baba ya ɗaga mata hannu.

"Bar ta," ya ce. "Ki rufe mana tuwon. In ta gama za mu ci."