Ɗari Bisa Ɗari

Ranar Talata da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoton rasuwar wata malamar makaranta mai ciwon zuciya. Likita ya tabbatar cewa ƙwayoyin da take sha ba su ƙunshi adadin maganin da aka rubuta a kwalinsu ba. Kafin azahar kurata sun tsare tsohon da ke awo a masana'antar maganin, wanda ake kira Baba Sikeli. Washegari za a gurfanar da shi.

Hankalin Sufeto bai kwanta ba. Ya sa aka gwada sikelin tsohon da duwatsun awo, ko ƙwayar gero bai kauce ba.

A ɗakin gwaji, shugaban masu haɗa magani, wanda ake ce wa Dakta, ya buɗe wa Sufeto littafin aiki. Wata bakwai a jere, abin da lissafi ya ce za a samu, shi aka samu, ɗari bisa ɗari. Dakta ya ce ƙwarewa ce kawai.

Sufeto ya koma wurin tsohon, ya karanta masa.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin da ɗaya ina awo, ban taɓa ganin maganin da aka haɗa ya wuce tamanin cikin ɗari ba. Wani ya maƙale a kwalba, wani a takardar tacewa, wani ya bi ruwan wanki. Ko mai daka ba ta kwashe turmi kaf."

Da safe Sufeto ya sa Dakta ya maimaita haɗin a gabansa. Bayan awa huɗu aka busar, aka auna: saba'in da shida.

"Dakta, sauran ashirin da huɗun daga ina suke zuwa?"

Ya fara kame-kame, wai ruwan yau ne ba shi da kyau, sai ga kurtu da buhun garin alli daga bayan kabad.

Nan Dakta ya amsa laifi. Ya yi wa surukinsa, mai masana'antar, alfaharin cewa ya gano hanyar da ba ta asara, aka ba shi shugabanci, kunya ta hana shi janyewa, sai ya riƙa cike giɓin da alli.

"Ai alli ba ya kisa, Yallaɓai."

"Abin da allin ya maye gurbinsa shi ya kashe ta."

Aka sa wa Dakta ankwa, aka fita da shi.

Da aka saki tsohon, bai yi godiya ba. Ya tambayi Sufeto kwali nawa suka rage a kantuna. Sufeto ya ce dubu huɗu, ya ɗauki waya don ya sa a janye su.