Jita a Ƙofar Gidan Su Zukiswa

A wajen wani biki a garin Mdantsane Lungelo ya fara ganin Zukiswa. Yana tsakiyar kaɗa jita idonsa ya faɗa cikin nata, sai yatsunsa suka rikice, shi da ya shekara goma yana kiɗan jaz.

"Dama haka kake kiɗan?" ta tsokane shi da aka tashi.

"Ke kika jawo, Zukina."

Soyayya ta yi nisa. Sai dai mahaifinta dattijon coci ne, ko sunan jita ba ya son ji, ga wani malamin makaranta na ta zarya a gidan. Da ƙyar tsohon ya yarda a zo neman aure, sau ɗaya tak.

Nan fa tsoro ya kama Lungelo. A al'adarsu dole wakilin ango ya tsaya a ƙofa ya kira sunayen kakannin gidan a jere, in ya ɓata ba a buɗewa. Lungelo kuwa maraya ne, wakilinsa Bra Velile mai ganga, mutumin da ko sunan matarsa sai ya yi tunani. Sai Lungelo ya jera sunayen cikin wani ɗan kiɗa, suka yi sati suna bita.

Ranar Asabar da hantsi ya laɓe a mota can gefen titi, don ango ba ya zuwa wurin.

"Zizi! Dlamini!" in ji Bra Velile, ya fara kiran kakannin a bakin ƙofa.

Sai tsit. Kan mutumin ya ɗauke!

Saƙon Zukiswa ya shigo, kan mahaifinta da suke kira Tata: "Masoyi, Tata ya miƙe zai shige ɗaki. Na shiga uku. Yi wani abu."

Jitar na kujerar baya. In ya kaɗa, tsohon zai ji abin da ya fi tsana a ƙofarsa. In bai kaɗa ba, Zuki ta tafi ke nan. Ya sauke gilashi ya kaɗa kiɗan sunayen.

Bra Velile ya zabura, sunaye suka zubo tiryan-tiryan.

Ƙofa ta buɗe. Tsohon ya wuce wakilin, ya nufo motar. 

"Kai ka haddace kakannina haka?"

"Ni ne, Tata."

Tsohon ya daɗe yana kallon jitar.

"'Ya'yan cikina ma a na huɗu suke tsayawa. Allah Ya yi muku albarka. Ranar biki ka zo da abin nan."

Ranar bikin kuwa, tsohon ne ya riga amarya fita rawa.