Mai Masauki a Kumasi

Hajiya Mero na tsakar gida a Yakasai tana matsa gwiwar da ta hana ta sakat, sai jikarta Bahijja ta zo ta tsuguna da fasfo a hannu. Kwana da kwanaki ana abu ɗaya. Uwar yarinyar ta yi faɗa har muryarta ta dishe, uban ya ce ya bar wa Hajiya.

"Hajiya, Kumasi ce fa kawai! Nazeer ya ce mamansa na son ganina. Kullum sai mun yi bidiyo kol, na san shi wallahi."

"Na ji. Kuɗin mota?"

"Na tara na ɗinkin huluna."

"Na dawowa fa?"

"Ya ce shi zai—"

"Ya ce! Ke komai ya ce. To wa ye mai masaukinki?"

"Mai masauki kuma? Hajiya, zamanin waya ne fa!"

Hajiya ta ja dogon numfashi. Ta gaji. Marigayi mijinta ya yi fataucin goro zuwa Kumasi har ƙarfinsa ya ƙare, ƙato da gemunsa, amma bai taɓa sauka ko'ina ba sai gidan da ubansa ke sauka. Yau ga 'yar shekara sha takwas za ta bi hoto.

"Danna min wayar nan in yi magana."

Ta tura saƙon murya ga Hajiya Husaina, 'yar tsohon mai masaukin nasu a zangon Kumasi, ta roƙe ta ta je ta gano yaron da idonta.

Washegari amsar ta zo, Bahijja na zaune. "Mero, gidan da ya tura mata hotonsa na ubangidansa ne. Yaron gyaran waya yake, su biyar suke kwana a bayan shago. Uwarsa na ƙauye, ba ta ma san da maganar ba. Amma an shaide shi da sallah, kuma da na tsare shi kuka ya yi, wai kunya ce ta sa shi ƙarya."

Bahijja ta fashe da kuka. "Shi ke nan, kun raba mu!"

"Wa ya raba ku? Da kin sauka a tasha ba kuɗin komowa, ɗakin ƙarti biyar za ki kwana? Faɗa masa zaurenmu a buɗe yake. In da gaske yake, ya tako."

Bahijja ta rame, ta yi fushi, ta gaji da fushin ta koma ɗinkinta. Sai da watan azumi ya zagayo sau biyu, ran nan aka yi sallama a zaure. Nazeer ne, siriri, kai a ƙasa, da kawunsa da huhun goro.

Hajiya ta dogara sanda ta fito, ta ƙare masa kallo.

"Ina kuka sauka?"

"Unguwar Zaitawa, Hajiya, gidan da Hajiya Husaina ta haɗa mu da shi."

"To yanzu ka yi hankali. A kawo musu tabarma!"

'Yammata, ku ji da kyau: kada ku je garin da ba wanda iyayenku suka sani, kada ku fita ba kuɗin dawowa a hannunku. Mai son ku da gaske zai tako har zaure.