Mijin da Na Yi Mata da Ƙullu

Daga injin niƙa nake ranar, da kwanon ƙullun masara a kaina, rana na shirin faɗawa bayan dutsen nan mai hayaƙi. Ina so in gasa tortiya, wainar masararmu, kafin duhu, sai na yanke ta gonarmu maimakon in bi hanya.

A gonar nan mijina Chencho ya yi ɓarnarsa. Ana tsakiyar damina garmarsa ta buɗe wani rami mai zurfi kamar rijiya, irin kaburburan mutanen dā da ke ƙarƙashin gonakinmu. Ya zira igiya ya sauka, ya fito da mutum-mutumin yumɓu, namiji, a zaune ya tattara gwiwoyi, da ƙoƙo a hannu.

"Akwai macen ma," in ji shi, "amma ta tsage, ba mai saye."

"Tsoho, ka raba mata da mijinta ke nan."

"Hutar da ita na yi, tsohuwa. Ke da za a ɗauke miki ni, ai har rawa za ki taka."

Washegari wani ɗan kasuwa daga birnin Guadalajara ya sa namijin a mota ya tafi da shi. Chencho ya rufe ramin da rassa da ƙasa, irin aikinsa na ganin ido.

A kan rassan nan na ɗora ƙafa.

Na faɗi a kan laka da ganye, idon sawuna ya gurɗe. Kwanon ya biyo ni, ƙullun bai ko zube ba. Na ɗaga kai, sama ta zama 'yar da'ira ja, can nesa. Na kira Chencho har muryata ta dushe. Ƙararrawar coci kawai na ji, ita ma kamar daga cikin ruwa.

A gefena akwai wata ƙofa gajera, sai an durƙusa ake shiga. Iska mai sanyi na fitowa daga ciki, da warin tsohuwar tukunya wadda ta daɗe a kife. Ɗan hasken da ya rage ya nuna mini ƙasusuwa a miƙe, tukwane a jere, da wani kare na yumɓu mai ƙiba.

Ga macen nan kuma a zaune.

Tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Tsaga ta ratsa fuskarta daga goshi zuwa haɓa. Hannu ɗaya a kan gwiwa, ɗayan a miƙe gefe, ya lanƙwashe, yana rungume da kafaɗar da ba ta nan. A ƙura ana ganin shaidar inda mijin ya zauna.

Na juya na kama bango zan hau. Ƙasar ta yi ta marmashewa a hannuna.

Sai na ji ƙara a bayana. Ƙuuu. Irin ta tukunya in an ja ta a daɓe.

Na waiwaya. Tana bakin ƙofa.

Na fara addu'a, kalmomin suka watse mini a baki. Da'irar nan ta sama ta koma toka-toka.

Ƙuuu.

Wani abu mai sanyi, mai kaushi, ya sauka a kafaɗata.

"Zauna."

Muryar ba ta da numfashi. Gwiwoyina suka tattaru da kansu, suka taso zuwa ƙirjina. Yatsun ƙafata suka daina jin komai. Na taɓa ƙwaurina, na ji shi da tauri da santsi, na ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙara.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, amma a cikinsa na gane. Ba ruwanta da ko wace ce ni. Gurbin ne ba ta so ya zauna wofi.

Taurin ya kai cinya.

Na lalubo kwanon. Na cusa hannu biyu cikin ƙullun, da sauran ɗuminsa. Ban ga komai ba, yatsuna kawai ke aiki. Gangar jiki. Gwiwoyi. Kai, hanci, kunnuwa. Ɗan ƙoƙo a hannu.

Taurin ya kai ƙugu.

"Ga mijinki," na raɗa mata. "Ga shi nan, baiwar Allah, sake ni."

Na tura shi ƙarƙashin hannun.



Sannu a hankali nauyin ya bar kafaɗata. Ƙuuu, ƙuuu, ƙarar ta yi ta nisa zuwa cikin ɗakin. Jini ya dawo ƙafafuna kamar ana tsira mini allurai.

Maƙwabcinmu Don Melesio ne ya ji kukana, yana dawowa da jakinsa, ya jefo igiyar kaya ya jawo ni.

"Doña Casilda, me kike nema a gidan mutanen dā?"

"Kai ni gida kawai."

Mun tarar da Chencho a tsakar gida, zaune a ƙasa, ya tattara gwiwoyi, kofinsa na gahawa a hannu ya huce. Na yi masa magana, bai ɗago ba. Da na sunkuya sai na ji jikinsa na ƙanshin ɗanyen ƙullu. Idona ya sauka a kunnensa na hagu, wanda alfadari ya gutsure tun yana saurayi, na tuna yadda babban yatsana ya tsinke gefen kunnen hagu a cikin duhu. Fuskar namiji ɗaya tak hannuwana suka sani.

Yana ci in an ba shi a baki. Ba ya magana. Ni da na yi shekaru ina cewa surutunsa ya ishe ni, yanzu ko zagi ne zan karɓa da murna.

Ɗan kasuwan bai sake dawowa ba, an nema an rasa. Fadan cocinmu ya zo ya yayyafa ruwa ya tafi. Na sa maginin tukwane ya gasa mata wani mijin, da fuskar da ba ta kowa ba, da safe na tarar da gutsattsarinsa a bakin ramin.

Ƙullu kuwa ba ya daɗewa. Ranar da leɓen Chencho ya fara tsagewa, na ga tururuwa na hawa wuyansa, na san abin da ke faruwa a ƙasa. Na ɗauki kwano da tsani na koma. Tun daga nan, duk sanda fatarsa ta fara bushewa, sai in sauka da yamma in sabunta mata shi, har da kunnen.

Yanzu yatsuna sun fara ƙagewa, tsanin ma yana mini wuya. Jiya da na sauka, na ajiye mata shi na ɗago fitila. Hannun nan nata da ke kan gwiwa tun ranar farko ba ya kan gwiwa. Ya miƙe gefe, ya lanƙwashe, daidai tsayin kafaɗata in na zauna.