Lasisin Sa'ida

Akwai wasu mutane a cikin garin nan, sun san kansu, da ba su ɗauki karatun 'ya mace a bakin komai ba sai ranar da suka gano ana iya rataye shi a bango. Su ne kan gaba wurin taya murna, su ne kan gaba wurin cin tuwon walima, su ne kuma za su fara miƙo hannu. Irinsu ne suka shiga tsakanin Sa'ida da Mikail saura wata biyu biki.

Da hantsi ne, Sa'ida na tsakar gidansu a Shahuci tana tsintar shinkafa, Gwaggo 'Yardada ta yi sallama. Ƙanwar mahaifin Mikail ce, ita ake aikowa duk maganar da ta yi wa namiji nauyi. Umma ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Ina amaryar tamu, likitar kwamfuta? Matso, ba cizo nake ba."

Sa'ida ta durƙusa daga gefe. Shekara biyar ta yi tana karatun haɗa magunguna, ta ƙara da na sarrafa bayanansu a kwamfuta. Aikinta ba tsayawa bayan kanta ana miƙa ƙwayoyi ba ne. Kwamfutar asibiti take koya wa hankali, in likita ya rubuta wa mai ciwon ƙoda abin da zai ƙarasa shi, ko ya haɗa magani biyu da ba sa shiri, ta tsayar da shi. Wani kamfanin magani a Legas ya neme ta, wani malaminta ya so ta tsaya bincike a jami'a. Ta zaɓi wani asibiti a nan Kano, don Mikail kawai.

"Yaya Alhaji ne ya aiko ni," in ji Gwaggo. "Takardar nan taki ta gwamnati, lasisi kuke cewa? Ya ce a ba shi ya rataya a kemis ɗinsa na Jakara. Ba zuwa za ki yi ba, ba komai. Ma'aikata in sun zo dubawa su ga suna, su wuce."

"Gwaggo, lasisin ɗaya ne. In ya tafi Jakara, aikin asibiti ya tashi."

"To ai an huta. Amarya da yawon danne-danne?"

"Kuma duk abin da aka sayar a shagon, da sunana aka sayar. Ni kuwa ban gani ba."

Gwaggo ta dubi Umma, ta gyara mayafi. "Larai, ashe boko har bakin magana yake koyarwa."

Tana fita Umma ta zauna daɓas a kan turmi. "Sa'ida, ki rufa min asiri. An kawo lefe, unguwa duk ta gani. Takarda ce fa, ba hannunki suka ce ki yanko ba. Wa ya taɓa mutuwa don an rataya takarda?"

"Ana mutuwa, Umma. Ba a dai rubuta dalilin."

Bayan la'asar Mikail ya zo zaure. Ya rame a wuni ɗaya, ko kuwa idonta ne.

"Plis, Sa'ida, fom ɗaya ne za ki sa hannu. Rabin kemis ɗin garin nan haka suke. Baba ba mugu ba ne, shekara talatin yana wannan sana'a."

"Wa yake karanta takardar likita a shagonku?"

"Wanda yake kan kanta."

"Me ya karanta?"

Ya shiga juya makullin babur.

"In mace ta zo da jariri yana zazzaɓi, wa yake auna mata?"

"Yanzu intabiyu kike min?"

"A'a. Ina so ka ce ba ka sani ba ne, da bakinka."

Bai ce ba. Ya ce shi ba zai iya ja da mahaifinsa ba, ta ce ita ma ba ta ce ya ja ba. Da haka suka rabu, ko murya ba wanda ya ɗaga.

Bayan kwana huɗu Alhaji Nata'ala, mahaifin Mikail, ya aiko an ɗaga biki sai abin da hali ya yi. Ya ce yarinyar da ta hana shi takarda tun tana waje, in ta shigo ruwan sha ma sai ta hana shi. Mata uku suka zo suka kwashe akwatuna. Umma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sa'ida na tsaye jikin ƙofa tana kallo, tana jiran nata kukan ya zo, bai zo ba. Ita ce ma ta tuna musu sun manta jakar takalma.

Ta fara aiki. Ta tashi, ta yi salla, ta hau adaidaita, ta zauna gaban kwamfuta, ta dawo. Abinci ba daɗi ba ɗaci. A gidan suna mata sukan yi shiru in ta shigo, ta gaishe su ta wuce. Ranar da tsarin da ta haɗa ya fara tare wata allura da aka rubuta wa jaririya ninki goma na abin da ya kamata, abokan aiki suka kewaye ta da murna. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da abin da take yi. Ta taɓa ƙirjinta a ɓoye ta ji ko akwai wani abu. Shiru.

Wata takwas aka yi a haka, sannan aka ce ana sallama da ita. Mikail ne, tsaye, ya ƙi zama.

"Baba ya samu lasisin wata," ya ce. "Sabuwar gama karatu ce, daga wajen gari. Ma'aikata sun zo, sun samu maganin tarin yara da aka goge wa kwanan wata. An rufe shago sati uku, an buɗe. Ita aka ƙwace wa lasisi."

Sa'ida ta jingina da bango.

"Ta zo Jakara. Ta tsaya bakin titi tana tambayar wanne ne shagon Alhaji Nata'ala. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin shagon ba, Sa'ida. Ni ta tambaya. Na shiga na gaya wa Baba, ya ce in ce ba ya nan. Na fito na ce ba ya nan. Tun ranar in na rufe ido fuskarki nake gani a jikin mayafinta."

"Yanzu me kake so?"

"Na bar shagon. Ina kasuwar Kurmi wurin kawuna, fata muke sayarwa. Kawu da liman sun je wa Baba sau uku. Jiya ya ce in je in yi, shi ba ruwansa da takardar kowa."

"Sai ka turo," ta ce, kamar wadda aka tambaya ƙarfe nawa.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, ba kiɗa ba taro. Gwaggo 'Yardada ce ta fi kowa guɗa. Kukan nan da ya ƙi zuwa sai bayan sati biyu ya zo, tana wanke kofuna a gidanta, Mikail na shirin fita kasuwa. Ya ajiye hula ya zauna kusa da ita a ƙasa, bai tambaye ta komai ba, ranar bai je Kurmi ba.

To, 'yan mata, sunanku amana ne, kada ku aika shi inda ƙafarku ba ta zuwa, ko da aure ne a ɗaya hannun. Wanda yake sonki zai dawo, ko da ya makara. Kai kuma mai karatu da kake ta jinjina wa Sa'ida, tsaya tukuna. Da 'yarka ce, lefe na ɗaki, maƙwabta sun gani, da kai ma cewa za ka yi takarda ce kawai. In ƙarya ne, musa.