Baƙon Da Ya Zo Cikin Kaki

Ana kiran sallar magariba a masallatan unguwar Kudai da ke Makka, Hajiya Zali tana zaune a falo tana tsinke lalo, sai tsakuwa ta faɗo cikin tiren. Ta ɗaga kai. A hawa na uku suke, tagogi duk a rufe. Kafin ta yunƙura wata ta sake faɗowa, kuma da ɗumi a jikinta.

Su uku ne a gidan: tsohuwar, da ɗanta Mukhtaru mai sayar da kayan gyaran mota, da 'yarsa Maryama, marainiya mai shekara goma sha shida. Haya suka kama tun da aka rushe gidan kakanninsu na kusa da Harami.

A waccan shekarar, 2015, Mukhtaru ya je Japan sayen kaya. Abokin cinikinsa ya kai shi wani ƙaramin gari, gidan wani attajiri na zamanin da, wanda aka mayar gidan tarihi. Gida ne na katako mai duhu, sai an cire takalmi ake shiga. A can ake matse kaki daga 'ya'yan wata bishiya, a shanya shi a rana har ya yi fari, a yi kyandir. Yanzu babu mai aiki, sai mutum-mutumi a bakin tukwane, da baƙi masu ɗaukar hoto. A bayan wata igiya akwai tsohon curin kaki. Da mai gadi ya juya baya, Mukhtaru ya ɓalli guntu ya jefa aljihu. Ya zo ya ajiye shi a kabad, kusa da kofunan shayi.

Daga jifa abin ya koma wari. Kullum rana ta faɗi, falon ya cika da warin kyandir da aka hure. Sai a ji kamar ana daka a cikin bango, a hankali, ba gaggawa. Maryama ta daina cin abinci. Takan zauna gaban kabad tana murza tafin hannunta, kamar mai mulmula wani abu, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa.

Mukhtaru ya ɗauko Malam Hadi, wani Basakkwace da ya daɗe yana karatu a Makka. Malam ya zo bayan la'asar, ya zauna yana karatu har hasken taga ya yi ja. Can yarinyar ta miƙe zaune.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Lalon da ke hannun Hajiya Zali ya zube. Maryama haihuwar Makka ce, Larabci take yi. In kakarta ta yi mata Hausa, kai kawai take ɗagawa. Ga shi yanzu Hausa tana fita daga bakinta tsaf, irin ta tsofaffin Kano.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na gidan kaki ne. Tun ana aiki ina can. Masu aikin suka ƙare, aka maye gurbinsu da gumaka, aka buɗe ƙofa kowa yana leƙe. Na shige cikin curin nan don in huta. Wannan ya ɓallo ni."

Mukhtaru ya sunkuyar da kai.

"Ina ka koyi Hausa?"

"Wurin tsohuwar. Kullum da yamma tana magana ita kaɗai. Tana lissafa ɗakunan gidansu, da rijiyar, da maƙwabtan da suka watse. Ba mai saurarenta sai ni."

Malam ya ce wa aljanin zalunci ne ya kama wadda ba ta ɗauko shi ba, ya umarce shi ya fita daga jikinta.

"A mayar da ni gida."

"Ba mu da hali," in ji Malam.

"To a bar ni nan. Ni da tsohuwar duk an raba mu da gidajenmu."

Malam ya ci gaba da karatu, muryarsa ta ƙara nauyi. Yarinyar ta dinga murƙususu, gumi yana zuba. Daga bisani muryar aljanin ta sauko. Ya yarda zai tafi, da sharaɗi biyu: hannun da ya ɓallo kakin shi zai binne shi a bayan gari, inda babu ƙafar mutane, kuma a bar shi ya yi sallama.

Maryama ta juya ta kama hannun kakarta. "Hajiya, sai wata rana. Allah ya ba ki haƙuri."

Ɗan yatsan ƙafar yarinyar ya karkaɗa, jikinta ya saki, warin ya ɗauke.

Mukhtaru ya naɗe kakin a tsumma ya fita, bai dubi uwarsa ba. Da aka idar da sallar isha Maryama ta buɗe ido. Hajiya Zali ta matso, ta shafa goshinta.

"Sannu, 'yar nan. Ina ke miki ciwo?"

Yarinyar ta dube ta, ta ɗan yamutsa fuska kamar yadda ta saba. Da Larabci ta nemi ruwa wurin kakarta, ta ce, "Sitti, moya."

Tsohuwar ta tashi ta kawo mata ruwan. Ta koma ta tsince lalon da ya zube. Tun daga ranar ba a ƙara jin ta tana magana da yamma ba.